Daga Gyartai zuwa Mai Gyaran Kwamfuta

A kasuwannin ƙasar Daura, daga birni har ƙauyukan Sandamu, an daɗe da sanin gyartai. Idan ƙwaryar mai tallar nono ta tsage, sai ta kai masa. Ya juya ta, ya duba inda tsagar ta tsaya, ya huhhuda gefe biyu da basilla, ya ɗinke har ta koma riƙe ruwa. Maƙeri ma haka yake da fartanya: bakin da ya cinye shi ake gyarawa, ƙota tana nan. Da keke da agogo da rediyo suka shigo, sana'ar ta bi su, ta kuma bi wayar salula bayan zuwanta Najeriya a 2001. Ina ganin saurayin da ke kwance tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka a yau, ya cire faifan ajiyarta ya sa sabuwar ma'ajiya ta SSD, magajin gyartai ne, domin ilimin ɗaya ne: gane abin da ya gaji a jikin kaya, a bar sauran.

Tarihin na'urar kanta ya goyi bayan haka. A 1956 kamfanin IBM na Amurka ya fito da faifan ajiya na farko, faya-faye hamsin masu faɗin inci 24, waɗanda duka abin da suke ɗauka bai wuce megabayit biyar ba. An yi ta ƙanƙantar da shi har ya shige tafin hannu, amma tsarin bai sauya ba. Faifai ne ke juyawa, a yawancin kwamfutocin hannu sau 5,400 a minti ɗaya, wani siririn hannu kuma yana kai da kawowa a kansa yana neman bayani. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ninka gudunta sau da yawa, amma dole ta tsaya jiran wannan hannu. A shekarun 1980 Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ya ƙirƙiro ma'ajiyar da ba ta da abin da ke motsi, kuma a 1991 aka fara sayar da irinta, wato SSD, mai megabayit 20 don kwamfutar hannu. Tsada ta hana talaka kusantarta har sai bayan 2010, lokacin da farashinta ya riƙa faɗuwa.

Wannan faɗuwar farashi ta zo wa yankinmu a kan gaɓa. Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da malamai na hannu ne, sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, sun sauka Legas, sun biyo ta shagunan titin Beirut a Kano kafin su iso Katsina da Daura. Buƙatarsu ta ƙaru tun 2015 da jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, ta sake ƙaruwa da buɗe sababbin manyan makarantu a Daura. Bayan sakin darajar naira a 2023 kuwa, sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin ɗan manomi. Aikin da mai gyara zai yi kaɗan ne: ya kwance 'yan noti, ya zare tsohon faifan, ya cusa SSD a gurbinsa, ya kwafe bayanai. Kwamfutar da a da sai an kunna ta an yi alwala kafin ta buɗe, yanzu cikin daƙiƙoƙi take tashi. Ga shi kuma girgizar babur a hanyar Sandamu zuwa Daura ba ta yi mata illa, tunda babu faifan da zai karce.

Masu ja da wannan suna cewa zuba kuɗi a tsohon kaya asara ce, musamman da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Akwai gaskiya a nan, kuma SSD ba ta tayar da mataccen batir ko ƙonannen allo. To amma gyartai ma ba kowace ƙwarya yake karɓa ba, wadda ta ruɓe yakan faɗa wa mai ita gaskiya. Kwamfutar da jikinta ke da lafiya tana iya ɗaukar manhajar Linux kyauta a madadin Windows, kuma in ta mutu, ana zare SSD a sa wa wata. Wasu kuma suna cewa idan SSD ta lalace, ceto abin da ke cikinta ya fi wuya, ga jabu a kasuwa. Wannan ma haka ne, maganinsa shi ne a saya a hannun wanda aka sani, a kuma sa tsohon faifan a ƙaramin gida ya zama wurin ajiyar kwafi.

Abin da ya raya sana'ar gyartai shi ne amana, domin gobe ma a kasuwar zai haɗu da mai ƙwaryar. Muddin masu gyaran kwamfuta a ƙasar Daura suka riƙe wannan, ɗalibin Sandamu zai kammala karatunsa da na'urar da wani ya yar a ƙetare, iyayensa kuma ba su sayar da gona ba. Hausawa sun riga sun faɗa, da tsohuwar zuma ake magani.