Jalingo da Namun Dajin Taraba: Yadda Birni Ya Yi Nisa da Dawa

Gandun namun daji mafi girma a Nijeriya, wato Gashaka-Gumti, akasarinsa a Jihar Taraba yake, kuma taken da jihar ke tinƙaho da shi na nuna ita baiwa ce da Allah ya yi wa ƙasa. Duk da haka, yaron da ya tashi a Jalingo, babban birnin jihar, yana iya gama sakandare bai taɓa ganin ɓauna ko gwanki da idonsa ba, sai a talabijin. Wannan nisa tsakanin birni da dawa yana da tarihi, kuma tarihin ya haɗa da yaƙi, da rabon iyakoki, da irin wuraren da gwamnatoci suka zaɓa su keɓe wa dabbobi.

Jalingo sansanin yaƙi ce tun asali. A ƙarshen 1892 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya ci garin Kona na Jukunawa, da taimakon bindigogin wani Bafaranshe mai suna Luwi Mizon. A 1893 ya mayar da mazauninsa sansanin da ya kafa a kusa da wurin, aka sa masa suna Jalingo, daga kalmar Fulatanci mai nufin rinjaye. Garin ya zauna ne a gindin tsaunuka, Kogin Lamurde da Mayo Gwoi na ratsa shi. A wancan zamani dawa tana farawa ne daga bayan gida. Mafarauci ba ya bukatar guzuri kafin ya kai inda gada da mazo suke, mata kuma na roron itace a inda yanzu unguwanni suka cika.

Mutanen yankin suna da nasu tsarin kare dabbobi tun kafin zuwan Turawa, ko da yake ba da sunan kare muhalli ake yi ba. Kurmin da ake tsafi a cikinsa ba a sare shi, ba a farauta a ciki. Misalin da ya fi shahara shi ne tafkin Marmara a Wukari, inda kadoji ke zaune a cikin gari, Jukunawa na girmama su, ba mai taɓa su. A ƙasar Hausa kuwa shamuwa ce ke da irin wannan alfarma: tana sheƙa a bishiyar tsakar gida, yara ba sa jifarta, domin zuwanta bushara ce ta damina. Idan mafaka na nufin wurin da dabba ke zaune kusa da mutane ba tare da fargaba ba, to waɗannan su ne mafakar farko a garuruwan wannan yanki.

Turawan mulkin mallaka sun zo da nasu salon, na doka da takarda. An kafa dokar kare namun daji a 1916, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1963. Tunanin da ke bayan dokokin shi ne a nemi daji mai nisa, mai ƙarancin jama'a, a shata masa iyaka, a sa masu gadi. Haka aka keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga baƙi a 1962. Ƙasar Gashaka a lokacin ba ta daɗe da zama Nijeriya ba. Da can tana hannun Jamusawa, har yanzu kangon ganuwarsu na nan a kan tudun Gashaka. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ta koma riƙon Ingila, sai ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ta shigar da ita Nijeriya cikin Lardin Sardauna. A 1972 gwamnatin Jihar Arewa maso Gabas ta keɓe dazuzzukan Gashaka da Gumti. Shekara uku kafin nan, a 1969, an keɓe kurmin Ngel Nyaki a kan tsaunin Mambila.

A daidai waɗannan shekaru ne wani tunani na dabam ya ɓullo a manyan biranen Arewa: maimakon a jira talaka ya je dawa, a kawo masa dawa cikin gari. Maiduguri ta sami lambun Sanda Kyarimi a 1970. A Kano, Gwamna Audu Bako ya gina gidan dabbobi a farkon shekarun 1970, har titin da ya bi ta gabansa ya ɗauki sunan gidan, Titin Gidan Zoo. A Jos, wadda ta riga ta sami ƙaramin gidan dabbobi kusa da gidan tarihi tun 1957, Gwamna Joseph Gomwalk ya keɓe daji mai faɗin murabba'in kilomita 8 a gefen gari a 1972. Na Jos ya fi kusa da ainihin mafaka, domin daji ne na asali da duwatsunsa da bishiyoyinsa, ba keji kaɗai ba.

Wanda ya taɓa zuwa Gidan Zoo na Kano a kwanakin Salla ya san abin da wurin ke yi wa jama'a. Layi tun daga bakin ƙofa, yara cikin sababbin kaya, masu gyaɗa da rake a gefe, uba ya ɗora ɗansa a wuya don ya hango zaki, ana ta ihu idan jimina ta miƙo wuya. Da yawa daga cikinsu wannan ce ranar da kura ta tashi daga tatsuniya ta zama dabba mai wari da numfashi. Wuraren sun sha fama da ƙarancin kuɗi da sakaci: a Disamban 2015 zaki ya kufce a Jos aka harbe shi, a Oktoban 2019 wani ya fice daga kejinsa a Kano. Sannan ga idon masu neman fili, wanda ba ya ɗauke wa daga duk wani sarari a tsakiyar birni. A zamanin Gwamna Ganduje an bayyana shirin mayar da gidan dabbobin Kano can Tiga. Amma duk da haka, biranen nan uku sun sami abin da ba a iya saya daga baya, wato fili da aka killace tun ƙasa na da araha.

Jalingo ba ta shiga wannan rabo ba, dalilin kuma a fili yake. A 1970 hedikwatar ƙasar Muri ce kawai, ana mulkinta daga Maiduguri. Daga 1976 aka koma mulkinta daga Yola, ƙarƙashin Jihar Gongola. Irin waɗannan ayyuka na manyan birane ne. Sai ranar 27 ga Agusta, 1991 ta zama babban birnin jiha, kuma a shekarar ce aka haɗe Gashaka da Gumti suka zama gandun ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, mai faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,000. Gandun ya ƙunshi Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijeriya, mita 2,419. A cikinsa akwai ɓauna da damisa da dorina, da kuma birin nan mai kama da mutum wanda mutanen wurin ke kira biri mai ganga, saboda yadda yake dukan saiwar bishiya ana jin amon daga nesa. Saboda shi ne Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan ya kafa sansanin bincike a wurin a 2000. Sai dai hedikwatar gandun tana Serti, tafiyar sa'o'i daga Jalingo ta Garba Chede da Bali. Masu bincike daga Turai sun fi mazauna Jalingo sanin cikinsa, kuma ba laifin mazaunan ba ne: kuɗin mota da masauki sun fi ƙarfin mai iyali.

A halin da ake ciki, birnin ya yi ta cin dajin da ke kewaye da shi. Ma'aikata sun kwararo bayan 1991, ƙidayar 2006 ta sami mutum kusan 140,000 a ƙaramar hukumar, jami'ar jiha ta zo a 2008. Gonaki suka zama filaye, filaye suka zama gidaje, har bakin kogi. Ambaliyar Agustan 2005, wadda ta karya gadar Nukkai ta kuma ci rayuka, ta nuna abin da Lamurde ke iya yi idan ya cika. Daga wajen gari kuma, a tsakiyar shekarun 2010, aka shiga saran madobiya, itacen da 'yan kasuwa suka laƙaba wa suna Madrid, ana lodinsa a tireloli zuwa Legas, daga can zuwa Sin. Mutanen Jalingo sun ga dajinsu a lokacin, amma a kwance bisa mota yana wucewa. Sai a 2018 hukumar da ke lura da cinikin tsirrai da dabbobi ta duniya ta dakatar da fitar da shi daga Nijeriya.

Abin da ya rage a cikin gari bai taka kara ya karya ba, amma yana nan. Da magariba jemagu na tashi daga bishiyoyin mangwaro, balbela na bin shanu a fadama, shirwa na shawagi a kan kasuwa. Wadda ta yi wuyar gani ita ce ungulu. Dattawa na tuna lokacin da take cika mahauta har sai an kore ta. Guba da cinikin sassanta don magani sun rage ta ƙwarai a Afirka ta Yamma, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Tafiyarta ba ƙaramar asara ba ce, domin ita ce ke kwashe mushe kyauta.

Wasu birane sun nuna cewa ba sai da zaki a keji ake kusanta mutane da dawa ba. Nairobi ta keɓe gandunta a 1946, kilomita kaɗan daga tsakiyar gari. A Legas, cibiyar Lekki da aka kafa a 1990 hekta 78 ce kacal ta kurmi da fadama, an bar birai da tsuntsayen wurin a gidansu, aka yi wa mutane hanyar katako. Irin wannan ne ya dace da Jalingo, kuma kayan aikin na nan: gaɓar Lamurde da Mayo Gwoi, wadda dama ba wurin gini ba ce, da duwatsun Kona, da ɗaliban jami'a da za su iya ƙirga abin da ke rayuwa a wurin. Tun 2017 wata gidauniya mai suna ANI ke aiki da hukumar gandayen ƙasa wajen tsaron Gashaka-Gumti, kuma aikin na bukatar goyon bayan mutanen da ke yanke hukunci a babban birni. Da wuya su damu da dajin da 'ya'yansu ba su san kamarsa ba. Ya rage ga gwamnatin jiha da masarautar Muri su killace wani yanki na bakin kogi tun masu awon filaye ba su gama rabe shi ba.