Lu'ulu'u da Tsakiya: Sawun Indiya a Kayan Adon Ƙasar Tasawa

Har zuwa wajen shekarar 1725, lokacin da aka gano daimon a Birazil, ƙasar Indiya ce babbar mahaƙar wannan dutse a duniya. Daga yankin Golkonda yake fitowa, maƙeran sarakunan Mugal Musulmi su dasa shi cikin zinariya. Amma daimon ba ya cikin hajar da fatake suka saba saukewa a kasuwannin Tasawa da Mayahi. Harshen kansa shaida ne: kalmar lu'ulu'u, wadda ake kiransa da ita yanzu, aro ce daga Larabci, inda take nufin ƙwayar da ake cirowa daga cikin kawar teku. Haka murjani da yaƙutu da zumurrudu, duk ta hannun Larabawa suka shigo.

Dutsen Indiya da ya iso wuyan matan Hausawa shi ne jan dutsen da Larabawa ke ce wa aƙiƙ, wanda ake yin tsakiya da shi. A garin Kambay na Gujarat ake gasa shi har ya yi ja, a feƙe, a huda. Daga nan ya bi jiragen ruwa zuwa Jidda da Masar, alhazai da fataken Sahara su ƙaraso da shi. Tasawa kuwa zango ce a kan hanyar ayari daga Agadas zuwa Katsina da Kano. Ta nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa a watan Janairu 1851.

Musulunci ya tsara amfanin kayan. Da yake an hana maza zinariya, an halatta musu zoben azurfa, sai aikin maƙeran fari ya karkata ga azurfa, suna narka riyal mai ɗauke da shekarar 1780 su ƙera zobba da mundaye.

Bayan 1830 masu sassaƙar dutse na Idar-Oberstein a Jamus suka samu aƙiƙ daga Birazil, suka kwaikwayi aikin Kambay. Daga baya na gilashi suka biyo daga Bohimiya. Saboda haka ba kowace tsohuwar tsakiya ce ta Indiya ba. Wajibi ne mai bincike ya tattara sunayen duwatsun nan daga bakin tsofaffin mata da dillalai tun ana iya samunsu, domin da sunan ake rarrabe na asali da na kwaikwayo.