Mutuwar Ƙafa Saboda Matsewar Jijiyoyi a Ƙashin Baya

A cikin ƙashin bayanmu akwai wata hanya kamar bututu, wadda laka da jijiyoyi suke bi. Yayin da muke manyanta, gaɓoɓin wurin sukan yi kauri, faifan da ke tsakanin ƙasusuwa ya bushe ya turo, sai hanyar ta ƙuntace. An fi ganin haka bayan shekara 50, musamman a ƙugu, tsakanin ƙashi na 4 da na 5. Jijiyoyin da ke zuwa ƙafafu ta nan suke wucewa, shi ya sa matsalar tana baya amma a ƙafa ake jin ta: ƙafar ta mutu, ta yi nauyi, ko a ji kamar ana soka allura.

Abin da ya kamata mu fara lura da shi shi ne yadda baya yake a lokacin. Idan mutum ya miƙe tsaye ko yana tafiya, hanyar tana ƙara matsewa. Idan ya zauna ko ya ɗan sunkuya, sai ta buɗe. Wannan ne dalilin da ya sa dattijon da ba ya iya tafiyar minti 10 zai iya tuƙa keke ya yi nisa. Mutuwar ƙafa ta ciwon sukari ba haka take ba. Ita takan soma daga yatsu, ta fi damu da dare, kuma zama ba ya kawar da ita.

Saboda haka, kada mu daina motsi, domin kwanciya kullum tana raunana ƙafafu. Mu yi tafiya kaɗan kaɗan, mu zauna kafin ƙafar ta mutu sarai, sa'an nan mu ci gaba. Sanda tana taimakawa, kuma babu kunya a nemi kujera a wurin taro ko da kowa yana tsaye. Za mu iya kwantawa rigingine mu jawo gwiwoyi zuwa ƙirji na ɗan lokaci. Da dare, a kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Rage ƙiba ma yana sauƙaƙa wa ƙugu.

Ƙafar da ba ta ji sosai ba ta sanin ƙaya ko ƙuna. Mu riƙa duba tafinta kowace rana, mu sa takalmi mai rufi, mu gwada zafin ruwa da hannu tukuna.

Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma ba kasafai suke dawo da ji ba, kuma yawan shansu yana illa ga ciki da ƙoda. Allurar da ake yi a baya sauƙinta na ɗan lokaci ne. Idan tafiya ta gagara, likita yakan duba hoton MRI, ya yi shawarar tiyata don a cire ɗan ƙashin da ke danne jijiyar. Tiyata ta fi magance zafi. Mutuwar da ta daɗe tana iya saura.

Akwai alamun da ba a jira da su. Idan tsakanin cinyoyi ko wajen dubura ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zuba ba da sani ba, ko ƙafa ta soma ja a ƙasa, a tafi asibiti a ranar, domin jinkiri yana iya lalata jijiyoyin har abada.