Daga Madugu Zuwa Maigida: Yaushe Yaron Shago Zai Zama Mai Kansa?



Duk wanda ya zaga kasuwanninmu, daga kara zuwa 'yan tumatir har layin 'yan katako, zai ga samarin da suka shekara goma suna yi wa maigida ɗaya hidima, amma ko tebur ba su mallaka ba. Iyayen gida na cewa yaran zamani ba su da amana, yaran kuma na cewa ana ci da guminsu. Ni dai ɗan 'yan kasuwa ne, karatuna sakandare ne, amma a ganina in muka waiwayi yadda kakanninmu suka tsara fatauci, za mu ga inda gizo ke saƙar.

Kafin zuwan Turawa, fatake kan tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni a ƙasa da jakuna. Ayarin nan ba taron yuyuyu ba ne. Madugu shi ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya da zango, ga uban dawaki, ga malami mai rubutu da addu'a. Kowa ya san aikinsa. Madugu ne ke zama da sarakunan hanya a daidaita kuɗin da za a biya kafin a wuce, sannan a raba wa fatake gwargwadon kayan kowa. Madugun da ya cuci mutane ko ya kai su bakin 'yan fashi, baɗi ba mai binsa. Ba zan ce babu zalunci a zamanin ba, don da yawan masu ɗaukar kayan bayi ne. Amma hanyar hawa a buɗe take ga yaro: bana ya kora jakin wani, wata shekara ya riƙe nasa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, da fataucin goro ya fara, kafin ya zama babban attajirin gyaɗa a Kano, har ya rasu a 1955.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912, ayari ya fara mutuwa, sai tsarin ya koma zango. Misalin da ya fi kama da namu shi ne Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinta ya yi nazari, littafinsa ya fito a 1969. A can maigida ne ke saukar baƙon da ya kawo shanu, ya ciyar da shi, dillalansa su sayar wa mahauta Yarbawa bashi. In mahauci ya ƙi biya, nauyin na wuyan maigida, don in baƙo ya yi asara a gidansa, labari zai riga shi isa Arewa. Yaransa kuwa yana ba su ɗaki da abinci, ya yi musu aure, su riƙa samun rabo a la'ada, har mai ƙwazo ya zama dillali, wata rana ya sauki nasa baƙin. Wato maigida ba cin riba kawai yake ba, shi ke fara shan asara.

To mu dawo gida. An zaɓi Abuja a 1976, gwamnati ta tare a 1991, iyayenmu suka biyo kasuwa. Sun zo da sunayen nan duka: maigida, dillali, sarkin kasuwa. Abin da da yawa suka baro a hanya shi ne sallama. Mahaifina kan ce a zamaninsu abin kunya ne yaronka ya yi furfura a shagonka. Yau sai kuɗin abinci kullum, ba wa'adi, ba jari, in kaya suka ɓata kuma a ɗora wa yaro. Wanda bai san ranar da zai tsaya da ƙafarsa ba, da wace zuciya zai tsare maka dukiya?

Ku dubi maƙwabtanmu Ibo a kasuwar kayan gini. Tun ranar da aka kawo yaro ake yanke shekarun da zai yi, a gaban danginsa, in ya cika a ba shi jari. Su ma akan samu masu saɓa alkawari, amma aƙalla akwai alkawarin da za a kama mutum da shi.

Shawarata ga shugabannin kasuwanninmu ita ce, duk wanda zai ɗauki yaro a rubuta takarda gaban shaidu biyu: shekara nawa, me zai riƙa samu, da me za a sallame shi. A kuma kafa dattawan da yaro zai kai musu kuka ba tare da tsoron kora ba. Wannan ba baƙon abu ba ne, gadonmu ne. Mu kuma samari mu riƙe amana, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya sa mu dace, ya yi wa nemanmu albarka, amin.