Ribom: asalinsa, yadda ake ɗinka shi da abin da ke sa ya daɗe

Ribom shi ne sunan da kasuwannin Arewa suka sanya wa maɗaurin da mata da ’yan mata ke tufke gashi da shi. Kalmar aro ce daga Turanci, inda asali take nufin siririn ƙyalle na ado, amma a bakin ’yan kasuwa da masu saye ta faɗaɗa har ta haɗa da zoben roba da aka naɗe da zare, da wanda aka lulluɓe da yadi mai tattara, da mai kama da igiyar tarho. Kaya ne mai araha da ba a cika tsayawa dubawa kafin a biya ba, alhali ƙirarsa ce ke yanke hukunci a kan abubuwa biyu: ko zai yi wata shida ana amfani da shi ko ya saki cikin mako biyu, da kuma ko zai riƙe gashi lafiya ko ya riƙa cin gaban goshi a hankali.

Daga ɗanyar roba zuwa kan mata

Ɗaure gashi da zare ko tsinken fata ko ƙyalle tsohon abu ne a kusan kowace al’umma. A ƙasar Hausa akwai kitson zare, matan Fulani kuma sun shahara da jera azurfa da wuri da duwatsun ado a jelar kitso. Sabon abin da zamani ya kawo shi ne maɗauri mai miƙewa ya koma da kansa, wanda bai yiwu ba sai da aka gano yadda ake sarrafa roba. A 1844 Charles Goodyear ya sami takardar mallakar fasaha a Amurka kan dabarar dafa ɗanyar roba da farar wuta, abin da ya hana ta yin danƙo a lokacin zafi da ƙandarewa a lokacin sanyi. Shekara guda bayan haka, a 1845, Stephen Perry ya yi rajistar zoben roba a Landan, domin ɗaure takardu da ambulan. Mata sun ɗauke shi zuwa kai, suka kuma gane illarsa nan da nan: tsirarar roba tana manne wa gashi, idan aka zo cirewa sai ta fito da silalla a jikinta. Duk wani ci gaba da aka samu a wannan sana’a tun daga lokacin, ƙoƙari ne na raba roba da gashi ba tare da an rasa ƙarfin riƙonta ba.

Mafi shahara cikin waɗannan dabaru ita ce ta Rommy Revson, wata mawaƙiyar gidajen rawa a birnin New York. A 1986 ta lura da yadda robar ƙugun wandon barcinta ke tattara yadi, sai ta sayi tsohon keken ɗinki ta kwaikwayi tsarin a ƙaramin zobe. An ba ta takardar mallakar zanen a 1987, kayan ya fito da sunan Scunci, ya kuma mamaye kantunan Amurka da Turai har tsakiyar shekarun 1990. Ta shafe shekaru tana ƙarar kamfanonin da suka kwaikwayi ƙirarta. Wa’adin takardar na shekara 14 ya cika a 2001, don haka yau kowane tela na iya ɗinka shi ya sayar ba tare da neman izinin kowa ba. Revson ta rasu a 2022.

Yayin wannan maɗauri ya faɗi a farkon shekarun 2000, har ya zama abin tsokana a fina-finan Amurka, sannan ya dawo da ƙarfi wajen 2019 ta hannun ’yan mata a kafafen sada zumunta. Ko a lokacin da ake yi masa dariya bai daina aiki ba: ’yar sama-jannatin Amurka Pamela Melroy ta tufke gashinta da shi a tafiye-tafiyenta na 2000 da 2002, wanda ta yi amfani da shi kuwa yana ajiye a gidan tarihin Smithsonian da ke Washington.

Mai kama da igiyar tarho ya zo daga baya. Sophie Trelles-Tvede, wata ɗaliba a Jami’ar Warwick da ke Ingila, ta ɗaure gashinta da tsohuwar igiyar tarho ta kwana ba ta ji ciwon kai ba, daga nan aka kafa Invisibobble a Jamus a 2012. Shi kuwa maƙalin gashi mai haƙora da ake matsawa ya buɗe, tushensa garin Oyonnax na Faransa, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana ƙera mataji kafin ya zama cibiyar kayan roba. Akasarin abin da ke isowa kasuwannin Afirka ta Yamma a yau daga ƙasar Sin yake, musamman kasuwar ƙananan kaya ta Yiwu da ke lardin Zhejiang, inda ake sari dozin-dozin.

Robar da ke ciki

Mai saye yadi yake gani, amma ran ribom na cikin robar da ba a gani. Teloli sun san iri uku. Akwai mai kitso, wadda ake gane ta da layuka a tsaye. Ita ce mafi araha, tana sirancewa idan aka ja ta, kuma tana rasa ƙarfi a duk inda allura ta huda ta. Akwai mai saƙa irin ta rigar sanyi, mai laushi, wadda faɗinta ba ya canzawa kuma tana jure ɗinki. Sai mai saƙar masaƙa, mai kauri da tauri, wadda ta fi dacewa da ƙugun wando. Ga ribom, ta biyun ce ta fi cancanta. Idan dole sai an yi da mai kitso, ƙulla bakinta ya fi ɗinke shi.

Abin da aka yi zaren robar da shi ma yana da tasiri, kuma nan ne yanayin ƙasar nan ya shigo. Robar itace ba ta shiri da mai, ko zafi, ko hasken rana. Basilin da sauran mayukan da aka samo daga fetur suna kumbura ta su ruɓar da ita. Mace a Kano ko Sakkwato takan shafa man kitso, ta tufke gashi, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗora hijabi ko gyale, ribom ya wuni cikin gumi da maiƙo da ɗumi. Wannan ne dalilin da ya sa wanda aka saya da kyansa kan saki da wuri, ba lallai don an yi algus ba. Zaren roba na masana’anta irin wanda Joseph Shivers ya ƙirƙiro a kamfanin DuPont a 1958, wanda aka fi sani da sunan Lycra, ya fi jure mai da gumi, ko da yake bilic da tafasasshen ruwa na lalata shi.

Yadi da awo

Jikin kowane silin gashi lulluɓe yake da ƙananan ɓawo da suka hau kan juna kamar na kifi. Yadi mai kaushi yana tayar da su, mai santsi yana wucewa ya bar su kwance. Shi ya sa siliki da satin suka fi dacewa da gashi mai murɗewa, wanda dama ya fi saurin karyewa a wuraren lanƙwasarsa. A nan akwai ruɗanin da ’yan kasuwa da yawa ke faɗawa ciki da kyakkyawar niyya. Siliki zare ne da tsutsa ke samarwa, satin kuwa salon saƙa ne, kuma mafi yawan satin da ke kasuwa na foliyesta ne. Gwajin ba shi da wuya: a zare sili ɗaya a kusantar da shi ga ashana. Siliki na gaske yana warin ƙonannen gashi ya bar toka mai murmushewa a yatsa, foliyesta kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Satin na foliyesta ba shi da laifi ga gashi, har ya fi jure wanki. Laifin shi ne a sayar da shi da kuɗin siliki.

Karammiski yana kama gashi sosai, don haka ya dace da mai sulɓi da ke zamewa, sai dai yana tara ƙura da maiƙo. Auduga tana shan man gashi, tana kuma guga. Wannan ya shafi atamfa, wadda ita ce mafi kyan gani kuma mafi sauƙin samu a shagon tela. Masu ɗinki da suka san aiki sukan wanke ta tukuna don ta yi laushi ta zubar da rarar rini, sannan su haɗa ta da satin, atamfa a waje, satin a ɓangaren da ke taɓa gashi.

Awon da aka saba da shi ga babba shi ne ƙyalle mai faɗin inci 4 da tsawon inci 20 zuwa 22, da roba mai faɗin rubu’in inci da tsawon inci 8. Ma’aunin da ke bayan waɗannan lambobi ya fi su muhimmanci: tsawon yadi ya ninka na roba sau biyu da rabi ko kusa da haka. Idan yadin ya gaza, ɗinki ne zai ɗauki nauyin ja maimakon roba, sai ya ɓarke. Idan ya yi yawa ainun, ribom ya yi nauyi ya riƙa rinjayar gashi. Ana naɗe ƙyallen gida biyu fuskarsa a ciki, a ɗinke tsawonsa, a juyo shi, a zura robar da fil, a haɗa bakinta da ƙarfi, sannan a cusa baki ɗaya na yadin cikin ɗayan a rufe. Wannan rufewa ta ƙarshe ita ce ke bambanta aikin ƙwararre da na gaggawa. Ɗinkin hannu da ke ɓoye zare yana barin roba ta yi yawo cikin kwararonta, shi kuwa wanda aka bi ta kansa da keke ya danne robar, a daidai wurin zai fara tsinkewa.

Lissafin sana’ar ma a fili yake. Yadi ɗaya mai faɗin inci 45 yana fitar da tsiri tara masu inci 4, kowane tsiri ribom biyu, jimla 18. Amma telan mata ba ya ma buƙatar sayen yadi, domin ƙyallayen da ake sharewa daga ƙarƙashin kekensa a makon sallah sun isa jari. Ribom da ya dace da atamfar anko kuwa wani abu ne da kwantenar Yiwu ba za ta iya kawowa ba.

Abin da matsewa ke haifarwa

Likitocin fata suna da suna na musamman ga sanƙon da yawan jan gashi ke haifarwa, kuma an fara bayyana shi a rubuce ne a 1907, a tsakanin matan tsibirin Girinlan masu ɗaure gashi tamau a tsakiyar kai. Binciken da Farfesa Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka gudanar a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya same shi ga kusan kashi ɗaya cikin uku na matan da aka duba, da kimanin kashi 17 cikin ɗari na ’yan mata ’yan makaranta. Haɗarin ya fi yawa idan aka haɗa matsewa da gashin da aka miƙar da sinadari.

Alamun farko sanannu ne, sai dai an saba ɗaukarsu a matsayin kuɗin kwalliya: zafin fatar kai, ƙananan ƙuraje a gindin gashi, ciwon kai da ke tafiya da zarar an kwance. A wannan mataki gashi na dawowa idan aka sassauta. Idan aka shekara da shekaru a haka, tushen gashin yakan mutu ya zama tabo, kuma babu man da ke tsirar da gashi a kan tabo, komai abin da aka rubuta a jikin kwalbarsa. Ribom mai faɗi yana raba nauyi a kan gashi mai yawa, siriri kuwa yana tattara shi a layi ɗaya kamar wuƙa. Mafi muni shi ne mai ɗan ƙarfe a mahaɗarsa, domin ƙarfen na kama silalla ya yanke, idan ya sha gumi kuma ya yi tsatsa. Sauya wurin tufka daga rana zuwa rana da kwance gashi kafin barci suna rage matsalar ƙwarai. Haka abin yake ga babban kumburarren ribom da ake sawa a ƙarƙashin ɗankwali don ɗauri ya tashi, wanda ake yi wa laƙabi da acuci-maza: idan a kan ’yar ƙaramar tufka nauyinsa ya rataya, gaban goshi ne ke biya.

Na yara yana da nasa sharuɗɗan. Duwatsu da ƙwallayen ado da aka manna da gam suna ɓallewa, kuma yaro ɗan ƙasa da shekara uku baki yake kai duk abin da ya tsinta. Ado a kayan yara ɗinke shi ake yi da zare mai ƙarfi. Wasu fatun kuma ba sa jure sinadarin nikel da ke cikin ƙarafan ado masu araha, sai wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi. Aron ribom tsakanin ’yan makarantar kwana hanya ce ta yaɗa ƙwarƙwata da makero.

Gwaji a gaban mai kaya

Wanda zai sari dozin ɗari yana iya sanin ingancinsu cikin minti ɗaya. Ya ja guda ɗaya iya ƙarfinsa sau goma ya ajiye kusa da wanda ba a taɓa ba. Idan ya fi shi faɗi, robar ba ta da rai. Ya saurara ko zai ji ƙarar zare na tsinkewa a ciki. Ya lalubi mahaɗar da yatsa, domin wadda aka haɗa da gam takan yi tauri kamar tsakuwa, kuma ita ce ke fara rabuwa a rumfa mai zafi. Ya goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a jikin yadin ya ga ko rini zai fita, tun da abin da ya ɓata ƙyallen shi zai ɓata farin hijabin mai saye. Kayan da suka daɗe a shanye a rana kuwa, ko launinsu bai koɗe ba, robarsu ta riga ta tsufa.

Mai kyau yana jure wanki da hannu cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a matse shi cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shanya a inuwa. Mai kama da igiyar tarho idan ya saki, ana tsoma shi cikin ruwan zafi na ɗan lokaci ya koma girmansa. Na yadi kuwa, in robarsa ta mutu yadin na nan da kyansa, sai a farke ɗinki kamar inci ɗaya, a zare tsohuwar, a zura sabuwa mai inci 8, a rufe da allura.