Kibiyar Daura Da Lissafin Galileo

A shekarar 1805 Malam Ishaku ya ci birnin Daura da tutar Shehu Usmanu, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Daga baya zuriyar sarakunan Haɓe suka zauna a Zango da Ɓaure, aka yi ta gwabzawa tsakaninsu da na birni, har 1906 da Turawa suka komo da Sarki Musa gidan kakanninsa. A cikin yaƙoƙin nan barade su ke samun kirari, amma yawancin rundunar dakaru ne masu kwari da baka.

To, ɗan baka ba ya auna abokin gaba sosai in yana nesa. Sai ya ɗaga hannu sama kaɗan, gama ya san kibiya tana sunkuyawa a hanya. In ya ɗaga ya yi yawa, ta tashi sama ta faɗo kusa. In ya kasa, ta caki ƙasa tun ba ta isa ba, shi kuwa ga mai doki ya taso masa da mashi. Wanda ke bayan ganuwa ma ba a samunsa sai an harba sama ta faɗo masa ta ka. Duk wannan da ido da sabo su ke gane shi, ba mai rubutawa.

Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa maƙeransa sun ƙera igwa a Zinder, Zango kuwa tana ƙarƙashin ikonsa a lokacin. Igwa ta fi baka ƙarfi nesa ba kusa ba, amma harsashinta hanya ɗaya ya ke bi da kibiya.

Wanda ya bayyana hanyar nan da lissafi wani malami ne na ƙasar Italiya, sunansa Galileo, a littafinsa na 1638. Ya nuna abin da aka harba tafiya biyu ya ke yi a lokaci guda. Ta fari ita ce ta gaba, wadda ba ta ƙaruwa ba ta raguwa in ba domin iska ba. Ta biyu ita ce faɗuwa, ita kuwa ƙaruwa ta ke yi: wajen ƙafa 16 a sakan na fari, ƙafa 64 in an cika sakan 2, ƙafa 144 a sakan 3. Watau in kibiya za ta yi sakan ɗaya kafin ta isa, sai maharbi ya auna ƙafa 16 bisa inda ya ke so ta sauka, kusan tsayin mutum uku ke nan. Abin mamaki, nauyi ba ya sake wannan lissafi. Dutse da harsashi duk ɗaya ne, sai dai iska ta fi tare marar nauyi.

Har wa yau ya nuna harbi ya fi nisa in an ɗaga makami rabin tsakanin shimfiɗar ƙasa da tsakar ka, abin da ake kira digiri 45. Wanda ya ɗaga 30 da wanda ya ɗaga 60 wuri ɗaya za su jefa, illa dai na 60 ya fi hawa sama, shi ne mai tsallake ganuwa. Wannan lissafi shi yaran sakandare na Daura da Zango ke yi yanzu a kan allo, su raba tafiyar biyu, su fara neman tsawon lokacin da kibiya za ta yi a sama, sa'an nan su riɓa shi da saurinta na gaba, nisan ya fito.