Overstimulation: ma'anar kalmar da inda ake amfani da ita

Overstimulation kalma ce ta Ingilishi da ke nufin zaburarwar da ta wuce kima, wato halin da mutum kan shiga idan ƙara, haske, cunkoso ko kwararar labarai suka yi wa ƙwaƙwalwarsa yawa har ta kasa tantance su. Wanda abin ya sama kuwa a ce da shi overstimulated. Gaɓar farko, over, tana nuna wuce gona da iri. Sauran kalmar tushenta stimulus ne na harshen Latin, sunan sanda mai tsini da Rumawa ke tsikarar shanun noma da ita. Tsikara ɗaya kan sa bijimi ya yi gaba, amma idan ta yi yawa sai ya ruɗe, ko ya tirje.

An fi jin ta a bakin likitocin yara da masana halayyar ɗan Adam, musamman game da jarirai da masu larurar otizim. Alamomin sun haɗa da kuka, saurin fushi, toshe kunnuwa da guje wa jama'a.

Tunanin ya girmi wayar salula nesa ba kusa ba. A 1903 Georg Simmel, masanin zamantakewa ɗan Jamus, ya bayyana cewa mazaunin babban birni, saboda yawan abin da ke tsikarar jijiyoyinsa, yakan ɗauki halin ko-in-kula a matsayin garkuwa. Bayanin nasa ya dace da mai bibiyar siyasa a yau, wanda labarin kisa na goma a rana guda ba ya ƙara girgiza shi.

Masana tattalin arziki ma sun ari kalmar. A Maris 2021, Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan shirin tallafi na dala tiriliyan 1.9, bayan Larry Summers, tsohon sakataren baitulmali, ya yi gargaɗin cewa kuɗin za su zaburar da tattalin arzikin Amurka fiye da ƙarfinsa. Hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a Yuni 2022, ko da yake har yanzu ana jayayya kan nawa ne laifin shirin, nawa ne na annobar korona da yaƙin Ukraine.

A shafukan sada zumunta kuwa ma'anar ta yi sako-sako. Matasa kan kira kansu overstimulated ko da hayaniyar gidan biki ce kawai ta gundure su.